Dalilin da Ya Sa Sifili Yake Tsakiyar Turken Mashigi

Yaya Hansai, yau yaran sun zo.

Da la'asar ne, ina zaune gindin darbejiyar ƙofar gida inda kike ɓarar gyaɗa. Ban kira su ba. Ɗai-ɗai suka riƙa zuwa suna zama a kan tabarma yadda suka saba zama gabanki, suna kallona, ni ma ina kallonsu. Tun da aka kai ki makwancinki ba wanda ya ba su labari a wurin nan. Ɗiyarki Uwale ce ta fara magana. Ta ce malaminsu ya nuna musu rula, ya ce kowane ma'auni daga sifili yake farawa, kuma sifili a gindi yake zama, domin shi ne babu.

Ta ce, "To Kawu, me ya sa namu na mashigi yake a tsakiyar turke? Ruwa har ƙugu, a ce wai babu?"

Kin san ni ban iya labari ba. Bokon ma a aji biyu na sakandare na tsaya. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, gulbi ya fara kawo jan ruwa, kuma yaran nan su ne gobe za su tsaya bakin mashigi su dubi turken kafin su sa ƙafa. Na ga gara su san abin da suke duba. Ga yadda na faɗa musu. In na bar wani abu ki yafe mini, labarinki ne.

Na ce, dalilin da ya sa sifilin mashiginmu ba ya gindi, wata mace ce gajeriya da goyonta.

A da can turken ba haka yake ba. Gari dai yana wannan ƙetare, gonaki suna wancan, kamar yanzu. Babu gada. Kowa da ƙafa yake hayewa, safe da yamma, da fartanya a kafaɗa da ƙwarya a ka. A lokacin akwai wani Sarkin Ruwa mai suna Barmo, dogo ne har sai ya sunkuya kafin ya shiga zaure. Shi ne ya fara kafa turken. Wani rani da ruwa ya janye, ya samo itacen ƙirya mai tsawo, aka haƙa rami mai zurfi a tsakiyar mashigi aka dasa shi, aka danne. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan yashi, ya auna taƙi ɗaya, ya yi tsaga. Ya ƙara taƙi, ya ƙara tsaga. Haka har sama.

Ya tara mutane ya ce, "Muddin ruwa bai rufe tsaga ta huɗu ba, kowa ya haye. In ya rufe ta, kowa ya zauna gida."

Aka yi ta bin wannan shekara da shekaru, ba wanda ruwa ya ci. Mutane suka yarda da turken har suka daina duban ruwan kansa.

Akwai wata mata, sunanta Cima, taubashiyar Barmo. Uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ita kuwa duk garin ba wanda ya kai ta gajarta. Mijinta ya rasu da bazara, ya bar mata gonar gero a ƙetare da jariri mai suna Nomau. Yaron yana kan nono, ba ta da inda za ta bar shi, sai ta goya shi ta ɗaure da majanyi ta haye da shi kullum.

A damunar nan aka yi wata ambaliya irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Da ta wuce, ruwa ya sauko, turke ya sake nuna tsaga ta huɗu. Gero ya fara nuna, tsuntsaye sun sauka a kansa kamar hayaƙi, kowa ya yi hanzarin komawa gona.

Cima ta shiga. Da can ruwan tsaga ta huɗu a ɗaurin majanyinta yake tsayawa. Ran nan ta ji shi a haƙarƙari. Ta ce ko tsoro ne. Washegari ta ji ƙafafun yaron sun yi sanyi a jikinta, rigarsa ta jiƙe har baya. Ta dubi turke, huɗu. Ta dubi matan da ke gabanta, suna tafiya suna hira abinsu. Ta ci gaba da hayewa, don in ba ta je ba tsuntsu zai cinye abin da za su ci shekara.

Wata safiya tana dab da turken, sai ta ji yaron ya daina motsi. Ta waiga ba ta ganinsa, ai goyo ba a ganinsa. Ta ɗaga dugaduganta ta tsaya a kan yatsu, yashi yana zamewa ƙarƙashinta. Sai ta ji wani tari a bayanta, ƙarami, irin na wanda ya shaƙe.

Nan Uwale ta kama gefen rigata, Yaya. Ta riƙe shi gam.

Cima ta juyo. Ita kanta ba ta san yadda ta kai gaɓa ba. Ta kwance yaron ta kifa shi a cinya tana buga bayansa, jan ruwa yana fita ta hanci. Da ya tsala kuka sai ita ma ta fashe da nata.

Ba ta je gida ba. Ta sake goya shi ta nufi inda Barmo yake zaune da masunta suna gyaran taru.

Ta ce, "Kai Dogo, turkenka ƙarya yake yi."

Barmo bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Wa ke magana? Ina jin murya daga ƙasa, ban ga mutum ba."

Masunta suka yi dariya.

Ta ce, "Na ce turkenka ƙarya yake yi."

"Itace ya yi ƙarya, Guntuwa? Ko dai ke ce kike ƙara shigewa ƙasa? Ai tun bara na lura kina raguwa. Nan da baɗi sai mun sa miki tuta a ka don kada a taka ki."

Da wata rana ce da ta ce masa giginyar banza, mai tsawo ba inuwa, a yi ta yi har rana ta take. Ran nan ba ta rama ba. Ta juya masa baya ta ce, "Taɓa rigarsa."

Ya taɓa. A jiƙe take har wuya. Dariyarsa ta ragu, amma bai sauko ba. Ya ce, "Nawa turken ya ce?"

"Huɗu."

"To huɗu ne. Da hannuna na auna, daga ƙasa na fara. Ɗazu na haye na dawo, ko cibiyata bai rufe ba. Kin yi tuntuɓe ne kika tsoma yaro, ki faɗi gaskiya."

"Ni ban san ƙirga ba. Abin da na sani, ɗana ya sha ruwa ina tsaye a kan ƙafata."

"To me kike so in yi? In ja ki in ƙara miki tsawo?"

Ta dube shi ta ce, "Durƙusa."

Don a ƙara dariya, Barmo ya zube a kan gwiwoyinsa gabanta, har da jinjina kamar mai gaida basarake. Sai ga kansa da nata daidai wa daida, ido cikin ido. Tun da suke bai taɓa ganin fuskarta daga nan ba.

Ta ce, "Yauwa. Yanzu ka zama ni. Haye a haka."

Akwai maƙerin gari a wurin, Jatau, ya kawo ƙugiyoyi. Shi aka sa shaida. Cima ta aika aka ɗebo garin gero a ƙoƙo, ta rufe da faifai, ta ɗora a bayan Barmo daidai inda kan jariri yake kaiwa, ta ɗaure masa da majanyinta tamau.

Ta ce, "Ga ɗanka. In ka kai shi ƙetare garin nan a bushe, ba zan ƙara ambaton turke ba, kuma furar damunar nan duka a kaina take. In ya jiƙe, ƙirga zai fara daga inda na ce."

Barmo ya ce, "Ki fara jiƙa gero, uwar ɗaki. Ina son ta da kauri."

Kafin a ce me, bakin mashigi ya cika. Sarkin Ruwa da goyo, yana tafiya da gwiwa! Mata suna guɗa, yara suna bin sa suna kiransa mai jego. Shi ma yana rangaji yana jijjiga ƙoƙon yana cewa, "Yi shiru, yi shiru, babanka ya tafi kasuwa."

Ya shiga. Ruwa ya kama shi a ƙugu, ana dariya. Ya kai ƙirji, ana dariya. Da ya kai kafaɗa sai guɗar ta ragu. Barmo ya daina waƙa. Mutumin da ya saba ruwa ya bi ta cinyoyinsa ya wuce, yau ga shi ruwa yana tura shi a ƙirji kamar ƙato. Ya ɗaga haɓa sama. Aka ga yana lalube da gwiwa, a hankali, a hankali. Cima tana tsaye a gaɓa da ɗanta a hannu, ba ta ƙifta ido.

Saura kaɗan ya kai turke sai ya ɓace.

Hularsa ce kawai ta taso, ta juya, ta bi ruwa. Wata tsohuwa ta fara salati a hankali. Masunta suka fara tuɓe riguna.

Ɗan'asabe, yaron maƙwabta, ya katse ni ya ce, "Kawu, ya mutu?"

Na ce ka bari mana.

Sai ga Barmo ya ɓullo, a tsaye, ya rungume turke yana tari yana fitar da ruwa ta baki ta hanci. Da ya samu numfashi ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Ba komai! Ku kwantar da hankalinku, ai na miƙe!"

Cima ta matso har ruwa ya taɓa ƙafarta. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma kowa ya ji, don wurin ya yi tsit.

Ta ce, "Kai ka miƙe, Barmo. Ni in na kai nan, ina zan miƙe?"

Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ran nan.

Barmo ya dubi turken. Ya ja numfashi ya nutse da gangan, yana bin jikin turken da hannu. Ya sami tsaga ta ɗaya. Ya ci gaba da lalube ƙasa da ita, inda ya kamata ya taɓa yashi bayan taƙi ɗaya. Babu yashi. Itace ne santsi, taƙi ɗaya, taƙi biyu, har da ɗori. Ashe ambaliya ta kwashe ƙasar mashigin ta tafi da ita, turken kuwa da yake an dasa shi da zurfi, bai motsa ba. Yana nan yana ƙirga daga ƙasar da babu ita.

Ya fito. Aka kwance masa majanyi, aka buɗe ƙoƙo. Garin ya zama ƙullu, jan ruwa kwance a kansa. Barmo ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya dubi Nomau.

Ya ce, "Jatau, kawo wuƙa in ƙara tsaga a ƙasa."

Jatau ya ce, "Ka ƙara bana. Baɗi ruwa ya dawo da yashin fa? Ko ya ƙara kwashewa? Ƙasar gulbi ba ta kwana inda ta wuni."

Barmo ya ce, "To daga ina za a fara? Dole dai ƙirga ya fara daga wani wuri."

Cima ta goya ɗanta, ta ɗaure, ta kama ƙafarsa da ke reto a gefen ƙugunta. Ta ce, "Daga nan."

Masunta suka yi caa. Wani ya ce wa ya taɓa fara ƙirga daga tsakiyar itace? Wani ya ce to wurin me za a kira shi, ɗaya?

Ta ce, "Ba ɗaya ba ne. In ruwa yana nan, bai taɓa ko yatsan yaron ba. Bai ci komai ba tukuna. Ku kira shi babu."

Wani masunci ya ce, "Babu, ga ruwa har ƙugu?"

"Ruwan da ke ƙasa da nan na gulbi ne, ya riƙe abinsa. Wanda ya haura nan shi ne nawa."

Barmo ya ce, "Alkawari ne, kuma gaban shaida na yi shi."

Ba a iya sa alamar a ranar ba, don Cima ba za ta iya tsayuwa a wurin ba. Har ruwan ya sauka, kullum da safe Barmo ne yake ɗora Nomau a wuya, ya riƙe hannun Cima ya bi da ita ta inda ya fi tudu. Duk da haka tsuntsu ya ci rabin geron. Da ruwa ya ja baya, aka kai ta gindin turke ta tsaya da goyonta, Jatau ya kewaye itacen da zoben ƙarfe daidai tafin ƙafar yaron, ya buga shi ya kama. Aka kankare tsofaffin tsagogi. Daga zobe aka ƙirga sama, ɗaya, biyu, uku: abin da ruwa ya ci ke nan daga jikin goyo. Daga zobe kuma aka ƙirga ƙasa, ɗaya, biyu, uku: sauran sararin da ya rage wa uwa ke nan.

Aka kuma yi doka. Macen da aka auna da ita, ita ce mai zobe. Duk ranar da ta ji ruwa ya wuce ɗaurin majanyinta alhali turke ya ce bai kai zobe ba, maganarta ce gaba da ta turke, a ranar za a sauke zoben. In ta daina hayewa, a nemo wadda ta fi kowa gajarta cikin masu goyo, a tsayar da ita.

Daga baya ne da boko ya zo, 'yan makaranta suka shafa fenti suka rubuta lambobi, suka ce zoben nan ai sifili ne, ga shi ma a zagaye.

Ɗan'asabe ya ce, "To ni in na girma na zama dogo, ina ruwana da zobe?"

Na ce dogo ma zoben yake duba. In ruwa ya rufe shi ba mai hayewa, ko da kansa yana taɓa rufin zaure, don in dogo ya shiga, gajere zai biyo shi.

Shi ya sa har yau, na ce musu, in kun je mashigi za ku ga sifili a tsakiyar turke, da lambobi samansa da lambobi ƙasansa. Malaminku bai yi ƙarya ba, na rula a gindi yake, don takarda ba ta guduwa daga ƙarƙashinsa. Namu ba ya nufin babu ruwa. Wuri ne da mutanen garin nan suka yarda cewa daga nan tsoro zai fara.

Can Uwale ta ce, "Kawu, ai Innata ce mai zobe."

Na ce ita ce.

Aka kira su cin tuwo, suka watse.

Sauran maganar taki ce ke kaɗai, Yaya.

Bayan rasuwarki, Sarkin Ruwa na yanzu ya zo mana gaisuwa. Ya ce a bar zoben Hansai inda yake har kaka, ba za a taɓa shi da zafin mutuwa ba. Tausayinmu ya ji. Kowa ya ce madalla, ni ma na ce madalla. Tun daga nan ba macen da aka tsayar a gindin turken, kuma ba wadda aka ba bakin magana.

Jiya da hantsi na shiga mashigi. Ba gona zan je ba, so nake kawai in tsaya kusa da zobenki. Na san inda ɗaurin majanyinki yake kama ni in mun jera muna hayewa: daidai bakin aljihun wandona. Sau nawa kika ce in daina tsayawa kusa da ke ina tona miki asiri. Na je na jingina da turken, na daidaita ƙafafuna a ƙasa.

Zoben a saman cibiyata ya same ni.

Na matsa gefe, na sake tsayawa. Na zagaya ta bayansa. Duk ɗaya ne. Ruwan farkon damunar nan ya kwashe ƙasa, fiye da taƙi guda. Matan suna zuwa su dubi turke su ce saura ɗaya, su shiga. Lantana matar Ɗanjuma ba ta fi ki tsawo ba, kuma jaririnta bai yi ƙwari ba. Na ga ta haye jiya tana tafiya a kan yatsu, ba ta ce wa kowa komai ba.

In na yi magana, gobe maƙeri zai zo da guduma ya ɓamɓare shi, a buga shi daidai ƙugun wata. Na riƙe ƙarfen da hannu biyu, da sanyi. Na tuna ranar da aka buga shi, kina tsaye kina dariya kina cewa a yi a hankali kada a haɗa da zanenki. Duk duniya nan kaɗai ya rage da aka auna da jikinki. Na sani yanzu ko shi ma ba tsawonki yake nunawa ba. Na sani. Amma hannuna ya ƙi saki.

Yanzu haka ana cida a gabas, iska ta fara kaɗa darbejiya. In aka yi ruwa a tudu, da safe zai iso mana. Gidan Sarkin Ruwa ba nisa, takalmana suna bakin ƙofa.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna.